Silifas a Gindin Firiza

Jiya ɗaya daga cikinku ya tsaya a ƙofar shagon nan, hannu cikin aljihu, ya ce da ni, "Baba Sadi, in na dage ai wata uku ya ishe ni in iya aikin wuta ko? Na ga yadda ake yi a waya, ba wuya." To yau da kuka taru a kan bencina kuna shan iskar fankata kyauta, sai ku saurara. Ku ajiye wayoyin nan. Kai ma mai jar hula, da kai nake.

A ja waya daga nan zuwa can, a ɗaura ƙwai ya kama, wannan ba sana'a ba ce. Kowane ɗan karambani yana yi. Sana'ar ita ce ka san abin da zai sami wanda zai taɓa aikinka bayan ka hau babur ɗinka ka tafi.

Aikin farko da maigidana Malam Iliya ya ba ni a Tarauni, rami ne. Ina saurayi na je masa da sabuwar testar gwada wuta maƙale a aljihun gaba, ina jin kaina injiniya. Ya kalli testar, ya kalle ni, ya miƙo mini diga da shebur. A bayan wani sabon gida ya nuna mini wuri, ya ce in haƙa har sai na tarar da danshi. Ƙasar wurin marmara ce, in ka sara sai digar ta yi tsalle ta dawo maka. Na haƙa har tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Sannan muka kafa sandar jan ƙarfe, muka zuba gawayi da gishiri, muka kwarara ruwa, ya ɗaure mata koriyar waya ya ja ta cikin gida. Na ce, "Malam, wannan wahalar duk ta mece ce, tunda ko babu ita ƙwai zai kama?" Ya ce, "Wuta in ta ɓalle daga hanyarta, ƙasa take nema. In ka yi mata hanya, ta bi. In ba ka yi mata ba, ta bi ta jikin wanda ya fi kusa." Ita ce muke kira wayar ƙasa. Ku shiga gidajen unguwar nan ɗaya bayan ɗaya ku buɗe soket, ku gaya mini nawa ne ke da ita.

Na daɗe a hannunsa bai bar ni na taɓa waya mai rai ba. Ɗaukar tsani, fasa bango da guduma, sai feren waya. In wuƙata ta ciji silin jan ƙarfe ko da ɗaya ne, ya datse wurin ya ce in sake, har wayar ta ƙare in ɗauko wata. Testar da nake taƙama da ita kuwa, cewa ya yi maƙaryaciya ce: a rana ba ka ganin haskenta, wani lokaci kuma ta kama a inda babu komai. Kafin in yarda da ita sai na gwada ta a inda na tabbatar akwai wuta, in gama kuma in sake gwada ta. Ranar da na manta, ya ɗora mini fulaya a tsakar ka, ba da wasa ba. Allah ya jiƙan Malam Iliya.

Daga baya ya sami aiki a wata masaƙa, ya tafi da ni, a can na koyi gwajin kayan wuta. Wato duk abin da ake soka fuloginsa a soket: dutsen guga, butar lantarki, fankar ƙasa, injin huda, firji. Lokaci-lokaci ake tara mana su a kan tebur. Ka bi wayar da ido da yatsa tun daga kai har gindi. Ka buɗe fulogi ka ga ko fiyus ne a ciki ko an naɗa masa takardar sigari. Sannan ka kawo mega. Mega wani ɗan akwati ne mai allura da hannun juyawa. Ka maƙala baki ɗaya a haƙoran fulogi, ɗaya a jikin ƙarfen abin, ka juya. In rigar wayoyin ciki lafiya take, allura ta tsaya can sama. In wuta na yoyo zuwa jikin ƙarfe, allura ta faɗo. Mai lafiya a manna masa koriyar takarda. Marar lafiya a manna masa ja, kuma Malam Iliya ya sa fulaya ya datse fulogin ya jefa a aljihu. Yana cewa takarda ɓare ta ake yi, amma wanda bai ga fulogi ba dole ya tsaya ya yi tambaya.

Masaƙar ta rufe kamar yadda 'yan uwanta suka rufe. Na yi shekaru ina bin 'yan kwangila, masu cewa ka sa siririyar waya a inda ya kamata a sa mai kauri, tunda ai bango zai rufe. Sai da furfura ta fito mini a gemu na ce ya isa, zan tsaya da ƙafata. Malam Iliya lokacin ido ya yi rauni, ya sa aka ɗauko megarsa daga ƙarƙashin gado ya ba ni. Na kama rabin shagon nan na Gyadi-Gyadi, ɗaya rabin na mai cajin waya ne. Kayana duka: mega, mita, fulaya biyu, sukudireba, tsanin katako, da tsohon babur mai tari da safe. Lissafina shi ne, nan unguwar ma'aikatan lafiya ce. Ga asibitin koyarwa, ga kemis-kemis, ga ɗakunan gwajin jini, ga gidajen haya cike da ɗalibai. Mutanen da suka san darajar rai, ai rububin kawo mini kaya za su yi in gwada musu. Tabɗi!

Mai kemis na farko da na yi wa tayi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, firjina yana sanyi?" Na ce yana yi. Ya ce, "To in biya ka ka gaya mini me?" Kalma ɗaya na riƙa ji duk inda na shiga: ai yana aiki. Dutsen guga wayarsa ta zube kamar tsohuwar tabarma, ai yana aiki. Injin markaɗe yana tartsatsi, ai yana aiki. Mutum zai biya ka ka tayar masa da abin da ya mutu, har ya yi maka addu'a. Amma ka ce masa abin da ke aiki zai kashe shi, sai ya ɗauke ka ɗan damfara.

Wani gidan hayar ɗalibai mata aka kira ni, soket ya ƙone a ɗaki ɗaya. Na shiga na tarar da hita ta dafa ruwa a cikin bokitin ƙarfe, babu fulogi, an cusa tsirarar waya a ramin soket an danne da tsinken ashana. Roba ta narke ta yi baƙi, bango ya yi hayaƙi har kusa da silin. Na canza soket, na ɗaura wa hitar fulogi daga aljihuna, na ce da mai gidan ya bari in bi sauran ɗakunan in gwada kayansu. Ya ce, "Soket na kira ka, Malam, ba wa'azi ba." Amma akwai wata yarinya da ta zo wurin ƙawarta, ta tsaya tana kallon yadda nake juya mega, tana tambayata me allurar ke nufi. Bilkisu sunanta, tana karatun aikin jinya, gidansu a Tarauni. Bayan kwana biyu sai ga ta a ƙofar shago.

Ta gaishe ni ta ce, "Baba, don Allah so nake ka zo ka duba mana firizar Umma. Tana ja."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Ta daɗe. Mun saba. Amma na ga wani da aka kawo asibiti wuta ta ja shi, tun ranar hankalina bai kwanta ba."

Mahaifiyarta Hajiya Tabawa ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Da firizar nan take riƙe da gidan: ƙanƙara, zoɓo, kunun aya, lamurje. A layinsu babu mai irinta. Shekarun nan kuwa azumi ya faɗo tsakiyar zafi, kuma saura kaɗan a ga wata. Kun san abin da ƙanƙara take zama a Kano in la'asar ta yi a irin wannan azumin. Abin da Hajiya za ta samu a watan nan shi ne kayan sallar yara, shi ne kuɗin makarantar Bilkisu. Ina gaya muku wannan ne don kada wani ya ce matar nan sakarya ce. Ba sakarya ba ce. Mace ce mai ɗawainiya a ka.

Ranar da na je, Hajiya ta tafi gidan suna a Hotoro. Bilkisu ta kai ni rumfar tsakar gida. Ga firiza doguwa, irin ta kwance, 'yar gwanjo, fentinta ya fara tashi. Simintin ƙarƙashinta jiƙe yake da ruwan ƙanƙara. A gindinta kuma ga silifas na roba, shuɗi, an jera shi tsaf kamar a ƙofar masallaci. Na ce na wane ne? Bilkisu ta ce, "Na firiza ne. Duk wanda zai buɗe sai ya saka. In ka saka ba ta ja sosai."

Kun ji fa! Gida guda, manya da yara, an ɗora ransu a kan silifas. Kuma kada ku yi dariya, don na san a gidan wasunku akwai irinsa, ko a gindin firji ko a gindin injin markaɗe. Mu a garin nan in abu yana ja ba ma gyara shi, takalmi muke saya masa.

Na zare fulogi na buɗe. Koriyar waya an datse ta an lanƙwashe. Na buɗe soket, waya biyu ce kawai, gidan gaba ɗaya babu wayar ƙasa. Na duba fiyus na babban layi, an cire na gaske an naɗa jan ƙarfe mai kauri wanda ko gidan zai ƙone ba zai tsinke ba. Sannan na maƙala mega na juya. Allura ko motsin kirki ba ta yi ba, ta kwanta ƙasa. Na sake, ta sake kwantawa. Kwamfiresa ce, wato injin sanyin, rigar wayoyinta ta cinye, wuta na fita kai tsaye zuwa jikin ƙarfe. Na nuna wa Bilkisu, na yi mata bayani. Na ce gyara biyu ne: a canza kwamfiresa, a haƙa rami a yi wa gidan wayar ƙasa. Kafin nan ba a jona ta.

Ta ce, "In ka tafi Umma za ta jona."

Na ce, "A inda na koyi aiki, fulogin muke yankewa. Amma nan gidanku ne, ba masaƙa ba."

Ta kalli silifas ɗin nan, sannan ta ce, "Yanke, Baba. Ni zan yi mata bayani."

Na yanke, na manna jar takarda a murfi.

Washegari da hantsi ina zaune a nan, daidai inda mai jar hula yake, sai ga Hajiya Tabawa ta sauko daga adaidaita, mayafi a kafaɗa, jar takardata a hannu. Ko sallama ba ta gama ba ta fara. "Kai ne Sadi? Kai ne ka shiga gidan marayu ba na nan ka yanke mini hanyar abinci? Ana jibi azumi? Wa ya aiko ka? Shekara nawa ina da firizar nan, wa ta kashe?" Na miƙe na ce, "Hajiya, ki zauna in yi miki bayani." Ta ce ba zama ya kawo ta ba. Na ce aikin hannuna na yafe, ramin ma ni zan haƙa da kaina, ita dai ta sayi kwamfiresa da sandar jan ƙarfe. Ta ce, "Ka ji! Dama can ciniki kake nema. Ka ɓata abu da hannunka sannan ka ce a saya." Mutane suka taru, mai shayi ya bar tukunyarsa, masu faci suka bar taya. Ta yi mini tatas, ta jefa mini takardar a ƙirji, ta hau adaidaita ta tafi.

Akwai wani mai gyara a lokacin, ana ce masa Yanzu-Yanzu, don komai ka kai masa abin da zai ce ke nan. Kayan aikinsa testa ɗaya da salatif. Shi Hajiya ta kira. Ya fere bakin wayar da na yanke, da haƙori ma aka ce, ya cusa a soket ya danne da tsinken tsintsiya. Sannan ya sa aka ɗaga firizar aka ɗora a kan katako, wai don kada ta riƙa ja. Wallahi da na ji wannan sai da na rasa inda zan sa kaina don takaici. Da tana kan siminti mai danshi, ko yaya wani abu na zurarewa ƙasa ta ƙafafunta. Yanzu ya tsare wutar gaba ɗaya a jikin ƙarfe, ba ta da hanyar sauka sai ta jikin mutum. Ya karɓi ɗan abin da ya karɓa, aka yi masa godiya, aka ce ga mai tausayin marayu.

Ga abin da ba a nuna muku a waya. Firizar nan ta yi azumin nan kaf ba ta kashe kowa ba. Ta yi ƙaramar salla, ta yi babba, ta yi damina, ta yi sanyi. Kayan wuta ba ranar da ka ce zai yi kisa yake yi ba. Jira yake ranar da komai zai haɗu: jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi, ruwa a ƙasa. Kafin wannan ranar kuwa, kai ne maƙaryaci.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Suna ya bi ni, Sadi Mai Yanka. In na wuce a babur yara su ɗaga yatsu biyu suna yi mini almakashi. Matan aure suka gaya wa juna a gidajen biki cewa kada a bar ni in shiga gida, in na shiga sai na kashe abu mai lafiya. Wani ɗakin gwajin jini da ya fara ba ni kayansa ina dubawa, mai shi ya ce in dakata tukuna, matarsa ta ji magana. Wani Alhaji a Unguwa Uku ya ba ni wayarin sabon gida, na kai kaya har na fara fasa bango, ya aiko a ce in bari, ya sami mai sauƙin kai. Sai in wuni a shagon nan ban riƙe fulaya ba, ina kallon mai cajin waya yana ciniki. Na koma gyaran tocila da fankar caji. Tsanina na sayar. Wani ya zo ya taya megar Malam Iliya, wai zai cire jan ƙarfen ciki; na ce ya fita mini daga shago tun muna mutunci. Yanzu-Yanzu kuwa ya sayi sabon babur, in ya wuce har hon yake yi mini.

Duk da haka ban bar maganar firizar ba. Na je wurin Alhaji Garba, ƙanin mijin Hajiya, shi ne babba a gidan. Ya saurare ni yana jan carbi, ya ce, "Malam Sadi, ka kyauta. Amma mace da kayanta, kuma ga shi shekara ta kusa zagayowa lafiya lau. Allah ne ke tsarewa." Na ce, "Alhaji, ni ma na san Allah ne ke tsarewa. Shi ya ba mu hankalin haƙa rami." Ya ce zai duba. Na je wurin mai unguwa, ya ce ba ya shiga tsakanin mutum da firizarsa. Bilkisu takan biyo ta nan in ta taso daga asibiti, da farin kayanta, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri da Umma. Na kusa gamawa. Albashina na farko kwamfiresa zan saya, kai za ka ɗaura." Na ce Allah ya kai mu, amma kafin nan ta riƙa zare wayar daga soket kafin kowa ya buɗe. Ta ce tana yi in tana gida, sai dai tsinken tsintsiyar nan in an zare da wuyar mayarwa, Umma faɗa take yi.

Azumi ya sake zagayowa, zafin ya fi na bara. Abin da ya faru ba a gabana aka yi ba, maƙwabciyarsu ce ta ba matata labari, kuma duk wanda ke wurin haka ya faɗa. Tun safe aka ɗauke wuta a layin. In babu wuta firiza ba ta ja, don haka kowa ya saki jiki, wani yaro ma ya zura silifas ɗin ya tafi aike. La'asar ta yi, tsakar gida cike da masu jiran ƙanƙara, kowa da kularsa. Hajiya tana ɗaki tana salla. Bilkisu ta yi alwala, ta ce bari ta sallami mutane kafin ta tayar da salla. Ƙanƙarar sama ta narke, mai ƙarfin tana can ƙasa, sai ta kifa cikinta a bakin firizar ta zura hannu biyu. Ƙafarta ba takalmi, a cikin ruwa. A daidai nan aka kawo wuta.

Yara a waje suna ihun murna an kawo wuta, na cikin gida suna ihun wani abu dabam. Wata ta kai hannu za ta janye ta, ita ma aka watsar da ita gefe. Kafin a sami mai hankalin da zai bugi wayar da muciya, an daɗe. Asibitin da take koyon aiki, can aka kai ta, abokan karatunta ne suka karɓe ta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safe aka kai ta makwancinta.

Na je jana'iza, na koma zaman makoki da yamma. An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi. Na sami gefe na zauna. Babu wanda ya kalle ni ido cikin ido. Kowa ya zo abu ɗaya yake faɗa: kwana ne ya ƙare, wuta ce ta yi sanadi. Wuta, kamar wani ɓarawo ne da ya haura katanga ba a san shi ba. Amma gidan mutuwa ba wurin gardama ba ne, kuma ni ma na yi imani da ƙaddara kamar kowa a wurin.

Aka kira magariba. Aka fito da dabino a faranti, aka biyo da ruwan leda da zoɓo a babban baho. Mai rabawa ya miƙo mini ɗaya. Ina karɓa na ji ta daskare, ƙanƙara ce tsababa, har tana manne wa tafin hannu. Na ɗaga kai na ga ƙwan ƙofar gida a kunne. A layin nan kaf firiza ɗaya ce.

Na ce da shi, "Daga ina aka ɗebo wannan?"

Ya ce, "Daga ciki mana."

Na wuni da ƙishirwa a wannan zafin, amma ruwan nan bai shiga bakina ba. Na ci dabino ɗaya, muka yi salla, ana sallamewa na tashi na sami Alhaji Garba. Na ce, "Alhaji, firizar nan a jone take?" Ya kama hannuna ya ja ni gefe, yana magana ƙasa-ƙasa. "Malam Sadi, ba yanzu ba. Ka ga jama'a, ga azumi, ga zafi. Da me za a sha ruwa? A bari a yi uku tukuna. Kuma an ja wa kowa kunne, an sayo sabon silifas mai kauri."

Jama'a, a nan ne na manta a gidan makoki nake. Na fizge hannuna na ce, "Sabon silifas? Jiya ta kashe muku 'ya, yau da safe kuka binne ta, yanzu kun sa wata tana zura hannu a ciki don mu sha ruwan sanyi? Wa ke ɗebowa? Ƙanwarta? Sai an yi uku, ko sai an yi mutuwa ta biyu?" Muryata ta tashi har liman ya juyo. Wasu suka taso suna cewa haba Malam, haba Malam, a yi haƙuri, ba a haka. Wani ya ce dama an ce mutumin nan ba shi da ta ido.

Sai muka ji murya daga cikin soro, a dushe, kamar ba tata ba. Hajiya Tabawa ce.

Ta ce, "Sadi ne?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya."

Ta ce, "Ku bar shi ya shigo."

Na ɗauko jakata daga babur na shiga. Mata cike da tsakar gida, suka ja mayafai suka dare mini hanya. Firizar tana nan a kan katakonta tana gurnani. Na fara zuwa babban layi na zare fiyus, gidan ya yi tsit. Na tumɓuke wayar daga soket da tsinkayenta. Wannan karon ban tsaya a fulogi ba: na kwance murfin baya, na datse wayar tun daga gindin kwamfiresa, na cire duk abin da wani zai iya kamawa ya sake jonawa, na zuba a jaka. Sannan na mayar da fiyus, fitilu suka kama.

Hajiya tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma, carbi a hannu amma ba ja take ba. Na durƙusa daga nesa na yi mata gaisuwa. Ta amsa. Na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Sadi, tsaya. Kai ba ka iya ɓoye magana ba, shi ya sa zan tambaye ka. Da na bar ka ka yi aikinka bara, da tana nan?"

Duk matan nan suka zuba mini ido. Alhaji Garba yana tsaye a bakin soro yana girgiza mini kai. Ni da na shekara ina faɗar magana ɗaya a kan firizar nan ga duk wanda zai tsaya, ranar sai na kauce wa tambayar.

Na ce, "Hajiya, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Ta ce, "Amin. Amma ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na ɗauki jakata na fito. Hajiya tana nan da ranta a Tarauni, ƙosai take soyawa yanzu. In hanya ta bi da ni ta layinsu nakan tsaya mu gaisa, ta tambayi iyali, in tambayi yara. In gaisuwa ta ƙare ba ta komawa kan kaskonta nan da nan. Sai ta ɗan tsaya, matsami a hannu, tana kallona, tana jiran amsa.